Surukina a Bakin Tafki

Aikina a gidan motsa jiki na hukumar birni bai wuce zama a bayan kanta ba, amma kada wani ya ce mini aikin hutu ne. Duk mai shiga, ko tafkin iyo ya nufa, ko ɗakin ɗaga ƙarfe, ko filin ƙwallon kwando, sai ya bi ta gabana ya nuna katinsa. Ni ke amsa waya, ni ke yi wa sababbin zuwa rajista in ɗauke su hoto, ni ke shan faɗa idan ruwan tafki ya yi sanyi, sai ka ce ni na kashe wutar da gangan. Akwai kuma wani ɓangaren aikin da ba a faɗa wa mutum ranar da aka ɗauke shi. Lokaci-lokaci namijin da ke kanta sai ya zaga ɗakin canja kaya na maza, ya duba ko ruwa ya malale a ƙasa ko wani ya bar famfo yana zuba. A can na fara ganin abin da idona bai saba da shi ba. Tsofaffin garin nan ba su san kunyar jiki ba. Mutum zai tsaya maka haihuwar uwarsa, tawul a kafaɗa, yana ba ka labarin ciwon bayansa dalla-dalla. Da farko kaina a ƙasa nake amsa musu, har wani ya tambaye ni ko na yar da wani abu ne. A hankali na koyi kafe idona a goshin mutum, in amsa masa in wuce.

Daga Kano na zo garin nan da sunan karatu, karatun ya ƙare, zama ya miƙe. Na yi aure, muka kama haya a unguwar Highbridge, a saman wani tudu da kan sa mutum haki kafin ya kai ƙofar gida. Matata 'yar wani dattijo ce mutumin Maraɗi, mai shago a Harlem, yana sayar da shadda da turare da dardumar salla. Gidansu yana Morris Heights, a bene mai hawa da yawa wanda ba shi da lifta. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa, kuma ni da shi mun ɗauko abin nan ɗungurungum mun tsallako teku da shi. Idan na je gidansa a bakin ƙofar falo nake durƙusawa in gaishe shi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba. Idan na hango shi a tashar jirgin ƙasa sai in shiga wani tarago. Shi ma haka. Malam yake ce mini, kuma ina zaune a wurin zai tambayi 'yarsa ko maigidan nata yana lafiya. Ba ƙiyayya ba ce, ina ganin girmansa sosai, na kuma san ya yarda da ni. Matata kuwa tun tana 'yar mitsitsiya aka kawo ta nan, Hausar tana jinta tsaf amma rabin amsarta da Turanci take zuwa. Abin namu dariya yake ba ta. Takan ce mu biyun kamar masu wasan ɓuya ne da suka manta wa ke neman wa.

Sai Allah ya jarrabe shi da shanyewar ɓarin jiki. Ya zo da sauƙi, bakinsa ya dawo daidai ba da daɗewa ba, amma hannun hagu ya yi rauni, ƙafar hagu kuma sai jan ta yake. Likita ya faɗa wa iyalin gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Idan ya dage da motsa ƙafar a cikin ruwa mai ɗumi za ta saki, idan ya zauna za ta sandare, daga nan sai keken guragu. Ga mutumin da ke zaune a saman bene marar lifta, a unguwar da duk titunanta tudu ne, keken guragu kurkuku ne. Ba shago, ba masallaci, ba zaman hira da abokan kasuwarsa. Mutumin da ya fi shekara talatin bai rasa sahun farko ba sai da dalili.

Muna cin tuwo matata ta ce ta samo wa Baba wurin atisayen ruwa na tsofaffi. Na ce madalla, a ina? Ta ce a wurin aikinku mana. Na ce duk faɗin birnin nan babu wani tafki sai namu? Ta ce namu ne ya fi kusa, bas ɗaya ce daga ƙofar gidansu, kuma ruwanmu ake ɗumamawa saboda tsofaffi. Na yi ta kame-kame, na ce wurin da cunkoso, na ce ƙasan da santsi. Ta ajiye cokali ta dube ni.

"Haba, maigida. Ƙafarsa ake magana fa, not your feelings. Ai gara wurin da kake."

Gaskiyarta ce. Amma a raina na ce wannan baiwar Allah ba ta san abin da take haɗawa ba. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to amma ba su ce a gaban suruki ba.

Ranar da ya fara zuwa ta rako shi. Na hango su ta gilashin ƙofa, shi cikin doguwar riga da jaket a kai, ga hula, ga sanda. Ban san lokacin da na zagayo kanta na zube ƙasa ba, da rigar aikin da katin wuyan da komai. Manajarmu, wata mata mai kirki 'yar asalin garin, ta leƙo daga ofis a tsorace, ta ɗauka jiri ne ya kwashe ni. Shi ma dattijon da ya gan ni sai ya tsaya cak, ya dubi 'yarsa, na kuma gane ba ta gaya masa a nan nake aiki ba, ko ta faɗa a gurguje bai ɗauka da gaske ba. Ya amsa gaisuwata yana kallon allon sanarwa. Matata ce ta cike masa takardun rajista. Sai aka zo hoto, kuma hoton nan ba mai ɗauka sai ni. Dole na ce masa ya ɗago kai, ya kalli nan, ya ɗan matso. Ni nake ba surukina umarni kamar ɗan makaranta. Fuskarsa ta fito a kwamfuta ɓaro-ɓaro, kuma wannan ne karo na farko da na ƙare masa kallo tun da na auri 'yarsa. Ashe yana da wani ɗan tabo a saman gira. Ashe idon matata nasa ne. Na danna hoton a gurguje, ya fito a karkace, ban iya cewa a sake ba. Har yau hoton da ke katinsa ke nan.

Saura bayanin dokokin tafki, waɗanda na haddace kamar karatun allo: a watsa ruwa kafin a shiga, ba a shiga da kayan gida, sai gajeren wandon iyo. Ta ina zan fara faɗa wa surukina wannan? Wanda ya cece ni abokin aikina ne, wani ɗan Zangon Kumasi da muke zama kanta tare, mutum mai barkwanci da ya girme ni kaɗan. Ya dube ni ya dubi dattijon, ya gane komai. Ya ce, "Baba, zo mu tafi, ni zan nuna maka," ya karɓi jakarsa suka shige. Da ya dawo ya yi mini dariya har da riƙe ciki. Amma daga ranar muka yi yarjejeniya. Duk ranar atisayen tsofaffi shi zai karɓi katin dattijon, shi zai zaga ɗakin canja kaya, ni kuwa in sami abin yi a ɗakin ajiye kaya. Ban taɓa shirya ƙwallaye da igiyoyin tsalle da kyau kamar a watannin nan ba. Da ya hango hular ta gilashi sai ya ce da irin kiransu na mutanen Kumasi, "Cale, surukinka ya zo, ka kama hanya," in tashi sumi-sumi.

A bayan kantarmu akwai babbar taga ta gilashi da ke kallon tafkin. Idan aiki ya tilasta mini dawowa kafin su gama, sai in juya kujerata in ba tagar baya. Labarinsa a bakin mutane nake ji. Abokina ya ce da farko da riga ya so shiga, sai da aka samo masa irin mai kama jiki da aka yarda da ita. Ya ce dattijon can ƙarshen layi yake tsayawa, nesa da tsofaffin matan, yana ɗaga ƙafa da kiɗan da malamar atisaye ke sakawa, fuskarsa a murtuke kamar mai biyan tara. Matata kuma ta ce ya fara hawa benensu ba tare da ya zauna hutawa a tsakiya ba, har ya koma shago yana yini. Na ji daɗi ƙwarai. Na kuma yaba wa kaina da dabara, ga ƙafa tana warkewa, ga mutunci bai zube ba.

Ranar da abin ya faru dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. Abokina ya bugo waya da safe ya ce mura ta kwantar da shi. Na ce a raina ai Baba ba zai fito a wannan sanyi ba. Ban gama tunanin ba sai ga hular. Shi kaɗai ya zo, takalmansa jage-jage. Babu wurin gudu. Na miƙe tsaye na karɓi katin da hannu biyu, na gaishe shi kaina a sunkuye, ya amsa ya wuce. Na ce shi ke nan, ai wannan ma ya wuce lafiya.

Aka tashi daga atisaye, tsofaffi suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya suna naɗe wuya. Shi shiru. Can sai ga wani tsoho ɗan Dominika, daga cikin masu ba ni labarin ciwon baya, ya fito da sauri rigarsa a buɗe. Ya ce dattijon nan mai sanda ya faɗi a wurin wanka, shi kuma bayansa ba zai iya ɗaga shi ba. Manaja ta fito ta ce in ruga, ita za ta kira motar asibiti. Mai tsaron tafki a ranar mace ce, kuma ba ta da ikon barin bakin ruwa. A duk ginin ni kaɗai ne namiji ma'aikaci.

Na ruga da gudu har ƙofar ɗakin canja kaya. A nan ƙafafuna suka tsaya. Ƙofar da nake turawa kullum ba tare da tunani ba, yau ta zame mini ƙofar turakar surukina. Abin da na yi, ko yanzu da nake rubuta shi sai da na rufe fuska: sallama na yi. Na tsaya a bakin banɗakin hukuma, mutum yana kwance a ƙasa a ciki, na ce salamu alaikum ina jiran a ba ni izini. Ba amsa, sai ƙarar ruwa. Na sake yi da ƙarfi. Manaja tana bayana da waya a kunne, tana tambayata me nake jira, in shiga mana. Na ji tari daga ciki, na san ya ji ni, na san ya gane muryar, shi ya sa ya yi shiru.

"Baba, ni ne," na ce.

Sai muryarsa ta fito, ƙasa-ƙasa amma a tsaye. "Malam, aiko wani."

"Babu wani, Baba. Ni kaɗai ne."

Na fizgi tawul daga kan benci na tura ƙofar ciki.

Na shiga da tawul a miƙe a gabana, fuskata a gefe, ina laluben hanya kamar makaho. Amma ba a ɗaga mutum da ido a rufe. Dole na duba. Yana kwance ta gefen hagu a ƙarƙashin famfo, ruwan yana dukan kafaɗarsa, jiƙaƙƙen wandon ya harɗe a idon sawun ƙafar da ba ta da ƙarfi. Daga baya na gane yadda aka yi. Kullum yakan jira sai kowa ya fita kafin ya cire kaya, kuma ba ya yarda ya zauna a bencin da ke fili, a tsaye yake yi a lungu, da ƙafa ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hannunsa na dama. Hannun lafiya lau yake, da ya dafa ƙasa da shi ya kama ƙarfen bango wataƙila da ya tashi zaune da kansa. Amma bai dafa ba. Da shi ya rufe al'aurarsa, ya zaɓi ya kwanta a ruwa da ya ɗauke hannun.

Na kashe famfo, na rufa masa tawul, na sa hannuwana a ƙarƙashin hammatarsa na ɗaga. Ban zaci haka yake ba nauyi ba. Mutumin da idan ya yi gyaran murya a falo kowa ke nutsuwa, ashe manyan riguna ne suke cika shi. Haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa, fatarsa ta yi sanyi ƙalau. Na zaunar da shi a benci, na durƙusa na zare wandon daga ƙafarsa, na goge masa jiki, na buɗe akwatinsa na ɗauko kaya. Na sa masa wando, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure masa mazagi. Na sa masa singileti da riga da safa. Shi yana kallon silin leɓɓansa suna motsi, ni ina kallon abin da hannuna ke yi kawai, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na zo ɗora masa hula sai ya karɓa ya sa da kansa.

Ma'aikatan motar asibiti suka zo suka duba shi, suka ce ba karaya, sai ƙugunsa da ya bugu. Suka so tafiya da shi ya ƙi. Na tsayar masa da tasi, na riƙe ƙofa har ya shiga, bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Da na koma ciki manaja ta kira ni ofis. Ba faɗa ta yi ba, ta ce na yi ƙoƙari, amma tana son ta san abin da ya tsayar da ni a ƙofa, domin da kansa ne ya fashe, wannan tsayuwar tana iya zama ajalinsa. Na ce surukina ne. Ta ce to ai shi ya fi cancanta in ruga masa. Na buɗe baki in yi bayani, na ga duk abin da zan faɗa zai fito kamar shirme. Na ce ba zan sake ba. Na fito da kunya biyu a kaina: a wurinta na ji kunyar tsayawar da na yi, a wurinsa na ji kunyar shigar da na yi, kuma har gobe ban san wadda ta fi nauyi ba.

Bai sake zuwa ba. Da farko ya ce ƙugun ne, aka ba shi uzuri. Ƙugu ya warke ya ce sanyi. Sanyi ya wuce ya ce ruwan yana sa shi ƙaiƙayi. Ni kuma na daina raka matata gidansu ranar Lahadi, kullum da aikin da ya taso. Masallacin Juma'ar da muke haɗuwa ma na canja. Abokina ɗan Kumasi ya yi ƙoƙarin mai da abin wasa, da ya ga fuskata sai ya bari. Matata ta san Baba ya faɗi, ta san ni na taimake shi, har godiya ta yi mini. Yadda na same shi kuwa ban faɗa mata ba. Ta tambaya, na ce zamewa ya yi, na ja bakina. Ba abin da zan iya ɗauka in kai wa 'yar mutum ba ne.

Ƙafar ta fara komawa gidan jiya. Ya daina zuwa shago. Sai wata Juma'a matata ta dawo daga gidansu idonta jawur. Ta ce Baba ya shirya tsaf zai tafi masallaci, ya sauko rabin bene ƙafa ta ƙi, ya zauna a matakala da babbar rigarsa har aka idar da salla, sai maƙwabta ne suka mai da shi sama. Ta ce likita ya fara maganar keke. Ta ce ta yi lallashi, ta yi kuka, ta ce a kai shi wani tafkin, ya ce shi da ruwa har abada. Ta dube ni ta ce ita ba ta san abin da ke tsakaninmu ba, amma ta san akwai, kuma mahaifinta zai gurgunce a kansa.

Maganar ta zauna mini. Na je wurin manaja na roƙi a mai da ni wani reshe, ko da can ƙarshen birni ne, ta ce za ta duba, akwai yiwuwa. Sai yadda za a sanar da shi. A al'ada dattijo ake samu a aika, suruki ba ya tunkarar suruki da magana irin wannan. To amma duk wanda zan aika sai na ba shi labari, labarin kuwa shi ne abin da ba ya faɗuwa. Na yi ta maza na tafi da kaina, ranar hutuna bayan la'asar.

Surukata ta buɗe mini, ta ga ni kaɗai ne, ta amsa gaisuwa ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Yana zaune a kujera kusa da taga, ƙafar a miƙe a kan matashi, carbi a hannu. Ya rame. Na durƙusa inda na saba. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida, ta aiki, ta sanyi, ta yara, har muka ƙare muka sake wata. Da na ga babu sauran abin tambaya sai na faɗi abin da ya kawo ni, ina kallon kafet. Na ce na nemi canjin wurin aiki, kuma za a ba ni. Na ce ya koma atisayensa, in Allah ya yarda ba zai sake ganina a wurin ba. Na ce ya yafe mini.

Ya ci gaba da jan carbinsa. Har na fara tunanin ko in tashi.

"Malam," ya ce, "mi ka yi da za a yahe maka?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

"In ka tahi, na koma pisin ɗin nan, tafkin naku, na sake hwaɗuwa, wa za shi ɗaga ni? Wani ɗan mutane shi ma shi zo shi gani? Sannan wani, sannan wani?" Ya girgiza kai. "Na yi tunani kwana da kwanaki. Lokotoro na asibiti ya ce a kawo mini mai aiki shi riƙa yi mini wanka a gida, na ce a'a. Ido guda ya isa."

Na ɗago kaɗan, ban gane inda ya dosa ba. Har yanzu taga yake kallo.

"Zamna wurin aikinka. Zan koma. Amma kai za ka riƙa shiga da ni, kai za ka hiddo ni. Ba na son kowa."

Na ce, "To, Baba." Na ɗauka ya gama, na fara gyara zama zan yi sallama.

"Akwai saura. Na tambayi ɗiyata yadda ka same ni, na ga ba ta san komi ba. Na tambayi uwarta, ita ma haka. Bon, shi ke nan. 'Ya'yana maza suna gida, kahin su samu biza an daɗe da rufe ni. Na aika ma liman, na ce ranar da Allah ya karɓi abinsa, kai za ka yi mini wanka."

Na so in ce Allah ya ja da rai, Allah ya ƙara lafiya, irin abin da ake faɗa. Na je ne da niyyar in ɓace masa daga gani don ya huta da kunyata, sai ga shi ya ɗora mini abin da mutum ba ya ɗora wa kowa sai wanda ya yarda zai rufa masa asiri. Na ji daɗi har cikin raina, sai kuma na ji kunyar daɗin, domin mutuwarsa ake magana. Hawaye suka zubo mini a kan kafet ɗin mutane, na kasa ko share su. Ya yi kamar bai gani ba, ya ce in gaishe da yara.

Ya koma tafki a makon da ya biyo baya. Na janye maganar canjin aiki, na roƙi manaja ta riƙa ba ni hutuna daidai lokacin da tsofaffi ke fitowa, ta yarda ba ta tambayi dalili ba. Ƙafar ba ta dawo kamar da ba, jinkirin nan ya ci wani abu daga cikinta, amma yana sauka bene, yana zuwa masallaci da sandarsa. Tsofaffin wurin sun ɗauka ɗansa ne ni, har suna yaba masa tarbiyya, ba wanda ya gyara musu a cikinmu. Wanda ya zaci kunyar ta ragu bai san mu ba. Har yanzu mukan jira kowa ya fita, shi ya kalli bango, ni in kalli tawul, ba hira ba komai, in mun fito kuma in koma bayan kanta kamar ban san shi ba.

Kwanan baya ina goge masa jiki, na gama kai da wuya, na kama kafaɗar dama na bi ta har ƙasa kafin in juyo ta hagu. Ban yi da wata niyya ba, hannuna ne ya tafi haka. Sai na ji ya yi magana, bai juyo ba.

"Haka ne, Malam. Daga dama ake farawa."

Hannuna ya tsaya a bayansa. Na gama goge ɓarin hagun, na ɗauko masa singiletinsa.